Tunawa da John Yisa-Doko, ɗan Neja da Rundunar Sojin Sama ta girma a hannunsa

Idan ana hirar manyan sojoji a Minna, sunayen da kan fara zuwa baki sanannu ne: Janar Ibrahim Badamasi Babangida da Janar Abdulsalami Abubakar, sai marigayi Janar Inuwa Wushishi da marigayi Manjo Janar Mamman Jiya Vatsa. Dukansu a rundunar sojin ƙasa suka yi suna. Ba kasafai ake jin an ambaci marigayi Eya Bayis Mashal John Nmadu Yisa-Doko ba, alhali shi ne ɗan wannan yanki da ya riga kowa hawa kujerar shugabancin wata runduna ta tarayya. Ya zama Babban Hafsan Sojin Sama a 1975 yana da shekara 33, ya riƙe muƙamin har zuwa 1980, kuma shi ne na farko da ya kai wannan matsayi cikin waɗanda rundunar ta ɗauka da kanta tun suna ɗaliban hafsoshi.

An haife shi ranar 13 ga Fabrairu, 1942, a garin Doko na ƙasar Nufe, wanda a yau yake cikin Ƙaramar Hukumar Lavun, ba nisa da Bida. Doko na cikin garuruwan Nufawa da cocin Angilikan ya kafu da wuri, kuma a makarantun mishan na Doko da Bida yaron ya fara karatu. Lokacin da ya gama sakandare, Nijeriya ba ta daɗe da samun 'yanci ba, kuma ba ta da jirgin yaƙi ko ɗaya.

Wannan rashi ya fito fili ne a Kongo. Tun daga 1960 Nijeriya ta aika dakaru can ƙarƙashin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya, amma duk lokacin da za a kai su ko a dawo da su sai an nemi jiragen wasu. Ga shi kuma a farkon 1962 gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ta soke yarjejeniyar tsaro da ke tsakaninta da Ingila, bayan ɗalibai da 'yan siyasa sun matsa lamba. Wanda ya ce ya girma, dole ya ɗauki kayansa da kansa. Sai gwamnati ta fara neman inda za a horar mata da matuƙa tun kafin a kafa rundunar a dokance. A 1962 aka zaɓi samari goma aka tura su Habasha, ƙasar Sarki Haile Selassie. A shekarar da ta biyo baya aka tura goma sha shida Kanada, shida kuma Indiya. Yisa-Doko yana cikin goman farko, yana ɗan shekara 20.

Zaɓen Habasha yana da dalili. A lokacin tana cikin ƙasashen Afirka ƙalilan da ke da sojin sama na a zo a gani, kuma a makarantarsu ta Bishoftu, kudu da Addis Ababa, baƙar fata ne ke tuƙi. Wanda ya taimaka wajen gina wannan runduna bayan Yaƙin Duniya na Biyu wani Bature ne ɗan ƙasar Siwidin, Carl Gustaf von Rosen, wanda ya yi kusan shekara goma yana wannan aiki. Mai karatu ya riƙe sunan, domin zai sake fitowa a wani wuri da ba a zata ba.

Yisa-Doko ya dawo gida a 1964, shekarar da Majalisar Tarayya ta zartar da dokar kafa Rundunar Sojin Saman Nijeriya a watan Afrilu. Jamus ta Yamma ce aka ɗora wa nauyin raino. Kwamandan rundunar na farko, Kanar Gerhard Kahtz, Bajamushe ne, haka ma wanda ya gaje shi, Kanar Wolfgang Thimmig. Kaduna ce cibiyar horo, jiragen kuwa ƙanana ne na koyo da na jigila, irin su Piaggio da Dornier. Cikin samarin da suka shiga rundunar a wancan zamani har da wani ɗan Minna, Abdulsalami Abubakar, wanda aka tura Jamus kafin daga baya ya koma rundunar sojin ƙasa.

Juyin mulkin Janairun 1966 ya katse wannan raino. Jamusawa suka tattara nasu ya nasu suka tafi, aka bar jaririyar runduna a hannun samarin da ba su kai shekara talatin ba. Da yake babu wanda ya isa shugabanci a cikinsu, sai aka riƙa aro hafsoshi daga sojin ƙasa. George Kurubo ne ya fara, sannan Kanar Shittu Alao, wanda ya rasu a haɗarin jirgi a watan Oktoban 1969, sai Birgediya Emmanuel Ikwue. A ƙarƙashin waɗannan ne matuƙa irin su Yisa-Doko suka ɗauki aikin yau da kullum na tashi da sauka da koyar da na baya.

A Yulin 1967 yaƙin basasa ya ɓarke, rundunar tana da shekara uku kacal. Ingila da Amurka suka ƙi sayar wa gwamnatin Janar Yakubu Gowon jiragen yaƙi, sai ta juya ga Tarayyar Sobiyet da Cekoslobakiya, aka kawo MiG-17 da L-29, daga baya kuma Ilyushin masu jefa bama-bamai. Jirage sun samu, amma masu tuƙa su da masu gyara su ba su wadata ba, dole aka ɗauko matuƙa daga Masar da wasu 'yan haya. Abin da ya biyo baya yana cikin sassa mafi ɗaci na tarihin yaƙin. An sha zargin matuƙan haya da jefa bama-bamai a kasuwanni da asibitoci, kuma duk da ƙoƙarin da aka yi, ba a iya rufe filin jirgin Uli ba, inda jirage ke sauka da dare da abinci da makamai har ƙarshen yaƙin. A watan Mayun 1969 kuma sai ga von Rosen, mutumin da ya gina rundunar da ta horar da Yisa-Doko, ya bayyana a ɓangaren Biyafara da wasu ƙananan jirage biyar da aka ɗaura wa rokoki, ya kai hari filayen jiragen Fatakwal da Binin da Inugu, ya lalata jiragen tarayya suna ajiye a ƙasa.

Yisa-Doko ya yi wannan yaƙi a cikin 'yan tsirarun matuƙa 'yan ƙasa, kuma duk abin da aka gina a rundunar a zamanin shugabancinsa za a fi fahimtarsa idan aka tuna da waɗannan watanni talatin. Wanda ya ga jirgi mai tsada yana zaune a rumfa don babu wanda ya san cikinsa, ko ya ga baƙon da ba ya bambance wannan gari da wancan yana riƙe da bam a sararin ƙasarsa, ya riga ya san inda rauni yake.

Ranar 29 ga Yuli, 1975, aka hamɓarar da gwamnatin Gowon, Murtala Ramat Muhammed ya hau mulki. Cikin naɗe-naɗensa na farko, Theophilus Danjuma ya zama shugaban sojin ƙasa, Michael Adelanwa na sojin ruwa, M. D. Yusufu Sufeto Janar na 'yan sanda, Yisa-Doko kuma aka ba shi sojin sama. A karon farko rundunar ta samu shugaba daga cikin 'ya'yanta. Muƙamin ya ba shi kujera a Majalisar Ƙoli ta Mulkin Soja, inda ya zauna tare da Babangida, wanda a lokacin Laftanar-Kanar ne. Wannan majalisa ce ta amince da ƙirƙiro sababbin jihohi bakwai ranar 3 ga Fabrairu, 1976, ciki har da Jihar Neja da aka ciro daga tsohuwar Jihar Arewa maso Yamma, aka mai da Minna hedikwatarta. A wannan rana ce kuma aka yanke shawarar ɗauke babban birnin tarayya daga Legas zuwa Abuja, a kan ƙasar da mafi yawanta daga sabuwar Jihar Neja aka yanko.

Kwana goma bayan haka, ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, aka kashe Murtala a kan titi a Legas, a yunƙurin juyin mulkin Laftanar-Kanar Buka Suka Dimka. Ranar ta zo daidai da cikar Yisa-Doko shekara 34 da haihuwa. Janar Olusegun Obasanjo ya karɓi ragama, ya bar shi a kan kujerarsa. Majalisar da yake ciki ita ce ta tabbatar da hukuncin kisa a kan waɗanda aka samu da hannu a yunƙurin, har da Kwamishinan Tsaro na Tarayya, Manjo Janar Iliya Bisalla. Har yau akwai iyalan da wannan hukunci bai daina yi musu zafi ba, kuma duk wanda ya zauna a majalisar yana da rabonsa na nauyin abin, kamar yadda yake da rabonsa na yabon miƙa mulki ga farar hula a 1979.

Shekarun nan na kuɗin man fetur ne, kuma rundunar ta samu kaya. A 1975 aka fara karɓar jiragen MiG-21 daga Sobiyet, masu gudun da ya wuce na sauti, tare da manyan jiragen jigila C-130 daga Amurka. Lokacin da aka tura dakarun Nijeriya Labanan a 1978 da Cadi a 1979, ƙasar ta riga ta mallaki jiragen ɗaukar soja nata na kanta, abin da ta rasa a zamanin Kongo. An bunƙasa sansanin Makurɗi ya zama gidan MiG-21, aka kuma kafa na Kainji a kusa da madatsar ruwa, wanda ya dawo cikin Jihar Neja bayan da aka mayar da Borgu daga Kwara a 1991. A 1976 rundunar ta daina amfani da muƙaman sojin ƙasa irin su Manjo da Kanar, ta ɗauki nata na sojin sama, kuma Yisa-Doko ne ɗan Nijeriya na farko da ya ɗaura muƙamin Eya Bayis Mashal.

Sayen jirgi dai kowace gwamnati mai kuɗi tana iyawa. Abin da ya fi cancantar a tsaya a kai shi ne makarantar koyon gyaran jirage da sarrafa kayayyakinsu da aka buɗe a Kaduna a 1977, da taimakon kamfanin Dornier na Jamus. Jirgin yaƙi yakan yi awa ɗaya a sama, ya dawo ya ci awoyi masu yawa a hannun makanikai. Akwai masu kula da injin, akwai masu kula da gangar jiki da fukafukai, akwai na lantarki da na'urorin sadarwa, akwai na makamai, kuma kowane ƙarfe a jikinsa yana da adadin awoyin da idan ya cika dole a cire shi ko da bai nuna alamar gajiya ba. Idan aka rasa mutum ɗaya a wannan jeri, ko aka rasa wani ɗan ƙaramin ƙarfe a ɗakin ajiya, jirgin ya zama kayan kallo. Wannan makaranta ita ce ta girma ta zama Cibiyar Fasaha ta Sojin Sama, wato AFIT, a 2008, inda a yau ake ba da digiri a fannin injiniyan jiragen sama ga sojoji da farar hula. A Kadunan ne aka ƙaddamar da jirgi marar matuƙi mai suna Gulma a 2013, sannan Tsaigumi a 2018. Bayan wannan, a zamaninsa ne aka buɗe sashen sojin sama a Kwalejin Horar da Manyan Hafsoshi ta Jaji, aka kuma kafa rukunin dakarun ƙasa na rundunar don tsaron filayen jiragenta, darasin da von Rosen ya koyar da tsada.

Gaskiya ne cewa ginin bai tsira daga sakacin da ya biyo baya ba. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, aka kuma shiga zaman zargi tsakanin gwamnatocin soja da rundunar, jiragen MiG-21 da na Jaguar da aka sayo daga baya sun ƙare a ajiye. A watan Satumban 1992 wani C-130 ya faɗi a Ejigbo ta Legas jim kaɗan bayan tashinsa, ya hallaka mutum fiye da 150, yawancinsu hafsoshin da ke kwas a Jaji. Amma makarantun sun tsaya, kuma daga cikinsu aka samu mutanen da aka sake farfaɗo da rundunar da su lokacin da rikicin Arewa maso Gabas ya sa ƙasa ta tuna tana buƙatarta.

Akwai wani ɓangare na aikinsa da tsofaffin ma'aikatan rundunar suka fi jin daɗin ambato, shi ne na iyali. Yisa-Doko magidanci ne mai mata da 'ya'ya, ya kuma san cewa kurtun da aka tura Makurɗi ko Kainji ba shi kaɗai zai tafi ba. Sansanin jirage yakan kasance can bayan gari, nesa da makaranta da asibiti, kuma mutumin da hankalinsa ke kan inda ɗansa zai yi karatu ba a so a ba shi sufana a ce ya ɗaure injin jirgi. A zamaninsa aka buɗe makarantun firamare a manyan sansanonin rundunar, aka kuma shirya kafa Makarantar Sakandaren Sojin Sama ta Jos, wadda ta fara aiki a 1980. Yara da dama da suka taso a barikokin Kaduna da Ikeja da Makurɗi ta nan suka bi, wasu suka gaji iyayensu a rundunar, wasu suka zama likitoci da malamai da injiniyoyi.

Ranar 1 ga Oktoba, 1979, sojoji suka miƙa mulki ga Shugaba Shehu Shagari. Obasanjo da Shehu Musa 'Yar'aduwa da Danjuma suka yi ritaya a lokacin, Yisa-Doko kuwa ya ƙara 'yan watanni a ƙarƙashin gwamnatin farar hula, sannan ya sauka a watan Afrilun 1980 ya miƙa wa Abdullahi Dominic Bello. Shekarunsa 38 a lokacin, goma sha takwas daga cikinsu a cikin kaki. Ya rayu shekara 32 bayan haka, ya rasu ranar 2 ga Mayu, 2012, yana da shekara 70. Shekara tara bayan rasuwarsa, jiragen Super Tucano goma sha biyu da Nijeriya ta sayo daga Amurka suka iso, aka kai su sansanin Kainji.