Nikolai Gogol: Marubucin da ya mayar da bindiga rigar sanyi

An haifi Nikolai Gogol a shekarar 1809 a garin Sorochyntsi da ke Yukren, lokacin tana ƙarƙashin daular Rasha. Yana ɗan shekara 19 ya tafi birnin Saint Petersburg, inda ya yi aikin ƙaramin akawu a ofisoshin gwamnati, ya ɗanɗani ƙarancin albashi da tsananin hunturu.

Abokinsa Pavel Annenkov ya ruwaito cewa wata rana a wajen hira an ba da labarin wani talakan ma'aikaci da ya daɗe yana tari har ya sayi bindigar farauta. Ranar fitarsa ta farko ta faɗa ruwa, baƙin ciki ya kwantar da shi, abokan aikinsa suka yi karo-karo suka saya masa wata. Kowa ya yi dariya, ban da Gogol.

A 1839 ya fara rubuta labarin da sigar barkwanci, amma kafin ya fito a 1842 ya sake kama. Bindigar sha'awa ta koma rigar sanyi, wadda ba a rayuwa a birnin sai da ita. Faɗawa ruwa ta koma fashi da dare. Karo-karon bai taka kara ya karya ba. Babban jami'in da akawun ya kai wa kuka ya daka masa tsawa, zazzaɓi ya kashe shi, fatalwarsa ta shiga ƙwace rigunan mutane.

Gogol ya rasu a Mosko a 1852, kwanaki kaɗan bayan ya ƙona kashi na biyu na littafinsa Matattun Rayuka.