Labarin Gazi Usman Basha, Wanda Abokan Gaba Suka Sara Wa

Wannan labarin Usman Basha ne, sarkin yaƙin Turkawa a zamanin Sarkin Santambul Abdulhamidu na Biyu. An haife shi a garin Tokat a shekara ta 1832. Ya yi karatun soja a Santambul, ya halarci yaƙin Kirimiya, ya yi aiki a tsibirin Kirit da ƙasar Yaman.

A shekara ta 1877 Rasha ta ɗaura yaƙi da Turkawa. Usman ya shiga garin Filebna, wanda ke cikin ƙasar Bulgariya yau, ya haƙa ramuka, ya ta da ganuwar ƙasa. Sau uku ana auka masa, sau uku yana korar mahara da hasara mai yawa, har Sarki ya ba shi laƙabin Gazi. Da suka ga haka, sai suka kewaye garin, suka tsare hanyar guzuri, yunwa da sanyi suka ci ƙarfin mutanensa. Ran 10 ga Disamba ya fito da rundunarsa don ya keta, aka harbe shi a ƙafa, ya sallama bayan kusan wata biyar.

To, a al'adar soja ta wancan zamani, shugaban da aka ci da yaƙi yakan miƙa takobinsa ga wanda ya ci shi. In an mayar masa, ma'ana an rinjayi rundunarsa, amma mutuncinsa yana nan. Haka aka yi wa Usman. Hafsoshin Rasha suka sara masa. Nikolas, ƙanen Sarkin Rasha, wanda shi ne jagoran rundunar, ya ba shi hannu, ya yaba jaruntakarsa. Kana Sarkin Rasha Iskandari na Biyu ya karɓe shi, aka mayar masa da takobinsa.

A shekara ta 1878 ya komo Santambul, aka naɗa shi shugaban fada, ya kuma riƙe wazircin yaƙi. Ran Juma'a, sa'ad da Sarki ke fita masallaci, soja sun jeru suna gaisuwa, Usman kan zauna cikin keken doki ɗaya da Sarki, yana fuskantarsa. 'Ya'yansa biyu suka auri 'ya'yan Sarki.

Ya rasu a shekara ta 1900, aka binne shi a harabar masallacin Fatih. Gaisuwar mabiyi wajibi ce a kansa, amma ta abokin gaba sai hali ya jawo ta. Allah ya jiƙansa, amin.