Tarihin Magabata: Alhaji Umaru Salga, Bakanon da Ya Mai da Zango Gida

 A wannan fitowa filinmu zai leƙa ƙasar Gana, domin mu kawo muku tarihin wani Bakano da ya bar gida a kan harkar fatauci, ya zauna a ƙasar da ba tasa ba, har ya tsufa ya rasu a can. Wannan mutum shi ne Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda aka fi sani da Alhaji Umaru Salga ko kuma Limamin Kete-Krachi.

Wani zai ce, to mu da muke Legas, ina ruwanmu da mutumin Gana? Dalili shi ne, kusan kowanenmu ranar da ya sauka daga jirgin ƙasa ko daga bayan motar shanu, niyyarsa ya yi shekara ɗaya ko biyu, ya tara ɗan jari ya koma. Yau ga shi wasunmu har da jikoki, 'ya'yanmu kuma Yarabanci ya fi Hausa zama a bakinsu. Amma har yanzu ba mu gama yanke shawara ba, shin baƙunta muke yi ko zama? Alhaji Umaru ya gamu da wannan tambaya fiye da shekara 100 da suka wuce, kuma yadda ya amsa ta ya isa a tsaya a duba.

Daga Kano zuwa Gwanja

An haife shi a birnin Kano wajajen shekarar 1858. Asalin gidansu daga ƙasar Kabi ne, mahaifinsa kuwa falke ne mai fataucin goro. A Kano ya yi karatun allo ya sauke Alƙur'ani, sa'an nan ya shiga neman ilimi wajen malamai a ƙasashen Kabi da Gobir. Tun yana saurayi yake bin ayarin mahaifinsa zuwa Gwanja, saboda haka karatu da tafiya tare suka taso masa.

A wancan zamani babu jirgi, babu mota. Ayari kan tashi daga Kano a ƙarƙashin madugu, da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata, a ƙetare kogin Kwara, a ratsa ƙasar Bargu, a bi ta Yandi ta Dagwamba, kafin a isa Salga. Tafiyar kan ci watanni, zuwa da dawowa kuwa sai ta kusa cinye shekara. Duk inda dare ya yi aka sauke kaya, wurin shi ake kira zango. Wato asalin kalmar ke nan, masaukin kwana ɗaya ko biyu. Daga baya ne ta zama sunan unguwar Hausawa a garuruwan kurmi, kamar yadda muke da namu Zangon a nan Agege.

Salga ita ce babbar kasuwar ƙasar Gwanja. Nan goron da ake tsinkowa a dazukan Tonawa, wato Asante, yake haɗuwa da fataken Arewa. Ba za mu ɓoye ba, kasuwar ta yi suna da cinikin bayi ma, kamar sauran manyan kasuwannin wancan lokaci. Sarautar ƙasa tana hannun Gwanjawa, sarkin yankin yana zaune a Kpembe kusa da garin, ciniki kuwa yana hannun baƙi, Hausawa da Barebari da Wangarawa da Yarabawa da Nufawa.

Rayuwar baƙo a Salga

Wanda ya saba da tuwon dawa da furar gero, a can sai ya tarar doya ce abinci. Garin ba ya bakin babban kogi, rijiyoyi barkatai ake sha, har ana yi masa kirari da yawan rijiyoyinsa. Harsuna kuwa ga Gwanjanci, ga Dagwambanci, ga Tonanci, ko da yake Hausa ce ke haɗa kowa a kasuwa. Baƙo in ya sauka sai ya nemi mai gida, wanda zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ba shi bashi. Duk wanda ya taɓa kawo shanu Oko-Oba ko albasa Mile 12 ya san wannan tsari, don har gobe a kansa muke.

A cikin wannan gari Malam Umaru ya ƙare da zama, ya buɗe makaranta. Abin lura a nan shi ne irin aikin da ya fara da shi. A shekarar 1877, yana ɗan kimanin shekara 20, ya rubuta littafi da Larabci a kan yadda ake tsara wasiƙa, da samfurori iri-iri. Ku duba fa, mutumin da yake nesa da gida, ba waya ba gidan waya, me ya fi bukata kamar takardar da zai ba ayari ta kai wa iyalinsa ko abokin cinikinsa? Ashe tun daga farko ya gano cewa ilimin da zai riƙe shi a baƙon wuri shi ne wanda maƙwabtansa ke da bukatarsa yau da gobe.

A Salga ɗin ne kuma ya haɗu da wani Bajamushe mai binciken harsuna, Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawa suka laƙaba wa suna Malam Musa. Malam Umaru ya rubuta masa labarai da Hausar ajami.

Ranar da kasuwa ta watse

Tun a 1874, da Ingilishi suka ci Kumasi da yaƙi, Salga ta fita daga hannun Tonawa, su kuma suka riƙa karkatar da goro zuwa wasu kasuwanni kamar Kintampo. Ciniki ya fara ja da baya. Sai ga babbar musiba a 1892, gidajen sarautar Kpembe suka kama yaƙi a tsakaninsu a kan gadon sarauta. Baƙi ba su ke neman gadon ba, amma su suka kwana a ciki. Kasuwa ta mutu, gidaje suka zama kango, mutanen da suka yi shekaru suna tara dukiya suka fita da abin da kai zai iya ɗauka. Waɗansu suka nufi Yeji da Kintampo, waɗansu Kumasi da Ankara, da yawa kuma suka gangara Kete-Krachi a bakin kogin Volta.

Mu mazauna Kudu ba sai an yi mana dogon bayani ba. Waɗanda suka ga rikicin Shagamu da na Ketu a 1999, ko na Idi-Araba a 2002, ko na Mile 12 a 2016, sun san yadda mutum kan wayi gari yana ɗaure kaya yana tambayar kansa, in tafi ko in tsaya? A irin wannan rana wanda duk arzikinsa ke cikin rumfa shi ya fi shiga uku.

Malam Umaru bai juya Kano ba. Ita ma a lokacin tana gab da faɗawa cikin nata yaƙin Basasa, wanda ya tashi a 1893 tsakanin Tukur da Yusufawa. Cikin shekarun da suka biyo baya sai ya bi jama'arsa zuwa Kete-Krachi, ya sake sabon zama daga tushe. Jarin da ya fita da shi daga Salga yana cikin kansa, babu wanda ya iya ƙwace shi a hanya.

Zama na biyu

Kete-Krachi gari biyu ne a haɗe. Krachi ta 'yan ƙasa ce, masu bin addininsu na gargajiya da shahararren tsafinsu Dente. Kete kuwa zangon Musulmi ne 'yan kasuwa, inda gishirin da ake haurowa da shi cikin kwalekwale daga Ada a bakin teku yake sauka. A kan waɗannan biyun kuma ga na uku, Jamusawa, waɗanda suka kafa bariki a wurin a 1894 suka haɗa shi da ƙasarsu ta Togo.

Ko a cikin zangon ma ba a rasa 'yan tsame-tsame ba, zo mu zauna ai zo mu saɓa ne. An yi jayayya a kan limanci tsakaninsa da wani malami, har magana ta kai gaban hukumar Jamus, a ƙarshe limancin ya tabbata a hannunsa, ya riƙe shi har ƙarshen ransa. Wannan ma darasi ne mai ɗaci, domin duk ran da 'yan zango suka kasa sasanta kansu, to, wani ne daga waje zai yanke musu hukunci.

Zamansa da Turawa abin a duba ne. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa a kan zuwan Nasara, inda ya jera garuruwan da suka ci, bai kuma ɓoye baƙin cikinsa ba. Duk da haka bai rufe ƙofarsa ba. Jami'in Jamus na Kete-Krachi, Adam Mischlich, ya yi karatun Hausa a wurinsa, shi ne kuma ya fitar da ƙamus na Hausa da Jamusanci a 1906. Liman ya rubuta masa tarihin ƙasashen Hausa da sana'o'insu da al'adunsu. Abin mamaki, kaso mai tsoka na abin da masana ke karantawa yau game da rayuwar ƙasar Hausa a ƙarni na 19 ya fito ne daga alƙalamin mutumin da yake zaune ɗaruruwan mil daga Kano. An yi digirin dakta a kan waɗannan rubuce-rubuce a Amurka a 1973, an kuma buga wasunsu a Turai a 2000. An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma shi wannan bawan Allah gidan ya ɗauko a ka ya zuba a takarda.

Bai tsaya ga manyan al'amura kaɗai ba. Ya yi waƙa a kan talauci da wadata, yadda ake wulakanta marashi ake girmama mai abin hannu. Ya rubuta a kan annobar murar 1918 da ta kashe jama'a a duniya baki ɗaya. Ya kuma juya waƙoƙin tsohon mawaƙin Larabawa Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa.

A 1913 ya tafi aikin Hajji, ya ɗauki shekaru kafin ya dawo. Ko da ya dawo, Jamusawa sun tafi, don Yaƙin Duniya na Ɗaya ya raba su da Togo tun 1914, Ingilishi ne ke mulkin garin. To, a nan ne za a gane inda zuciyarsa take. Mutum ya kai shekara 60, ya sauke farali, da ya so da Kano ya nufa ya ƙarasa kwanakinsa. Amma sai ya koma Kete-Krachi wajen iyalinsa da almajiransa. Almajiran nan su suka bazu a zangunan Gana da Togo suna limanci da karantarwa. Allah Ya yi masa rasuwa a 1934, aka binne shi a can. Bayan an gama madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, tafkin Volta ya cinye tsohon garin, aka tashi jama'a zuwa sabon wuri. Rubuce-rubucensa kuwa suna nan a ajiye, har a Jami'ar Gana da ke Legon.

Inda labarin ya iso Agege

Goron da ya kai mahaifin Liman Salga, shi ne ya kawo kakanninmu nan. Da hanyar ayari ta mutu, sai fatake irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, suka koma ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko. Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga nan ta kai Ibadan a 1901, ta isa Kano a 1911. A farkon ƙarnin nan na 20 ne kuma manoman Agege da Ota suka shiga shuka irin goron Gwanja, har yau Yarabawa na kiransa gbanja. Goro ya samu a kusa, ga tasha a bakin ƙofa, sai Hausawa suka sauke kaya a Agege. Ashe ke nan zangonmu ƙanen na Salga ne.

Saboda haka mu ɗauki abin ɗauka. Liman bai zauna da kaya a ɗaure yana jiran ranar komawa ba, ya kafa makaranta, ya yi iyali, ya zama mutumin da gari ba ya son rasa shi. Bai kuma yar da harshensa don ya samu shiga ba, da Hausar tasa ce ma ya yi suna. Mu kuwa sau da yawa ɗaya muke kamawa mu saki ɗaya. Wani ya shekara 30 a Legas bai iya gaida mai gidan hayarsa da Yarabanci ba, bai san shugaban unguwarsu ba sai ran da rikici ya tashi. Wani kuma 'ya'yansa ba su iya rubuta layi biyu da Hausa su aika wa kakarsu ba, ba su san sunan ƙauyensu ba.

Muna kira ga iyaye, a sa yara makaranta, ta allo da ta boko, a koya musu sana'ar da ko an tashi kasuwa tana nan a hannunsu. A riƙa halartar taron unguwa tare da 'yan gari tun ana zaman lafiya. Saɓaninmu na cikin gida kuma a kai shi gaban Sarkin Hausawa da malamai da dattawa a kashe shi a can. Waɗanda Allah Ya ba tsawon rai a cikinmu, su zaunar da jikoki su ba su labarin yadda aka zo, a samu mai rubutawa ya rubuta.

Allah Ya jiƙan Alhaji Umaru da sauran magabatanmu da suka kwanta a ƙasashen da suka je nema. Mu kuma Ya ba mu zama lafiya da maƙwabtanmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.