Charles Studd: Zakaran Kurket Da Ya Bar Fage Domin Bishara

Ya kai mai karatu, ka san yadda gari yake ɗauka in ɗan kokowa ya ci takobi. Makaɗa su bi shi, yara su riƙa kiran sunansa a hanya. To, Turawan Ingila ma suna da wasan da suke so haka, sunansa kurket. Mutum 11 ne kowane gefe. Ɗaya ya jefa ƙwallo mai tauri, ɗaya ya buge ta da faffaɗan katako, sa'an nan ya yi gudu tsakanin sandunan da aka kafa. Kowane gudu maki ɗaya ne. Kowace gunduma tana da nata 'yan wasa. Labarin nan na wani zakaran wasan ne, Charles Studd.

An haife shi ran 2 ga Disamba 1860. Mahaifinsa attajiri ne, ya yi arziki da noman baba a Indiya, ya komo gida yana sukuwar dawaki da caca. Wata rana wani abokinsa ya kai shi jin wa'azin Moody, mai bishara daga Amurka. Ya tuba, ya bar sukuwa, ya buɗe gidansa ana wa'azi a ciki. A 1878 wani baƙo mai wa'azi ya sauka a gidan, ya yi magana da 'ya'yansa uku, Kynaston da George da Charles, ɗaya bayan ɗaya. Dukansu suka karɓi Yesu rana ɗaya.

Amma ka lura da abin da ya biyo baya. Shekara shida Charles yana zuwa sujada, yana karanta Littafi Mai Tsarki, duk da haka bai faɗa wa kowa labarin Mai Cetonsa ba. Zuciyarsa tana fage. Ya yi wa Jami'ar Kambirij wasa, da gundumar Midilses, har da ƙasar Ingila. A 1882 ya ci maki 118 a kan 'yan Ostareliya, waɗanda kowa yake jin tsoronsu. A shekarar nan ya tara maki fiye da 1,000, ya kuma fitar da masu bugu fiye da 100 da jifarsa. A 1883 ya zama shugaban 'yan wasan Kambirij. Yana ɗan shekara 22, Ingila duka ta san sunansa. Fitila ce aka kunna, aka kife ta da ƙwarya.

Sai Allah ya taɓa shi ta wurin ciwo. Ɗan'uwansa George ya kwanta rai a hannun Allah. Charles ya zauna kusa da gadonsa, ya ga cewa suna da tafi da kuɗi ba za su ƙara wa George ko numfashi ɗaya ba. Abin da ya rage wa mai ciwon nan shi ne Yesu kaɗai. George ya warke, amma Charles bai koma yadda yake ba. A 1884 ya je ya ji Moody, ya sāke miƙa kansa ga Ubangiji, ya fara kai abokan wasansa wurin wa'azi.

Da ya ce za shi ƙasar Sin, gida ya rikice. Mahaifiyarsa ta roƙe shi da hawaye kada ya tafi. Bai raina ta ba, amma kiran Allah ya fi ƙarfi. A watan Fabrairu 1885 ya shiga jirgin ruwa tare da samari shida, suka tafi aiki ƙarƙashin mishan na Hudson Taylor. Ya aske kansa irin na mutanen ƙasar, ya sa tufafinsu, ya ci abincinsu.

Yana can gādonsa ya fito, wajen fam 29,000, kuɗi mai yawan gaske a zamanin nan. Ya tuna da saurayin nan mai arziki na Markus sura 10, wanda ya bar wurin Yesu yana baƙin ciki. A Janairu 1887 ya rabar da kuɗin. Ya aika wa Moody fam 5,000, George Muller mai riƙon marayu fam 5,000, sauran kuma ga aikin bishara da taimakon matalauta. Ya rage fam 3,400 domin amaryarsa Priscilla Stewart. Ita ma ta ƙi riƙewa, suka bayar. Suka yi aure a 1888 hannu wofi, Allah kuwa ya ciyar da su da 'ya'yansu mata huɗu.

Ciwo ya komo da su Ingila a 1894. Daga 1900 zuwa 1906 ya yi aikin fasto a kudancin Indiya, asma tana hana shi barci. Bayan haka, wata rana a birnin Libaful ya ji jawabin Dokta Karl Kumm, wanda ya kafa mishan SUM, ya kuma sauka a Wase ta Nijeriya a 1904. Kumm ya ba da labarin kabilun tsakiyar Afirka da ba su taɓa jin sunan Yesu ba. 'Yan kasuwa da sojoji sun kai can, masu bishara ba su kai ba. Likita ya hana Studd tafiya, waɗanda suka yi alkawarin kuɗi suka janye. Duk da haka a Disamba 1910, yana da shekara 50, ya tashi zuwa Sudan ya dubo ƙasa. A 1913 ya shiga kurmin Kwango tare da wani saurayi, Alfred Buxton.

Shekarunsa na ƙarshe a Ibambi ya yi su, cikin ɗakin ciyawa. A zamanin nan ne, 1924, mishan SIM ta iso Damagaram. Zazzaɓi ya sha kayar da shi, haƙoransa suka zube, amma ya juya Sabon Alkawari zuwa harshen Kingwana. Mutane sukan yi tafiyar kwanaki a ƙasa su zo jin Maganar Allah.

Kada ka zaci ba shi da laifi. Mutum ne mai zafin rai da taurin kai, har abokan aiki da yawa suka rabu da shi. Ya dogara ga maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, abin ya kawo gardama cikin mishan. Matarsa tana Landan tana riƙe da ofishin aikin, ita ma ba lafiya. Daga 1916 sau ɗaya suka sāke ganin juna, mako biyu a 1928. Ta rasu a 1929. Shi kuma ya rasu a Ibambi ran 16 ga Yuli 1931, yana da shekara 70. Surukinsa Norman Grubb ya ɗauki aikin, mishan ɗin da ake kira WEC ya bazu ƙasashe da yawa. Tukunyar ƙasa ce, amma Allah ya zuba dukiyarsa a ciki.

Yanzu kai fa? Wataƙila ka ce ba ka da fam 29,000, ba kuwa wanda ya san sunanka bayan kasuwar Matamaye. Allah bai tambaye ka abin da ba ka da shi ba. Babbar asarar Studd ita ce shekara shidan nan da ya yi shiru. Kai shekara nawa ke nan da baftismarka? Maƙwabcin da kuke gayya tare, ya taɓa jin dalilin begenka daga bakinka? In kun kai gero rumbu, ana ware na Ubangiji da fari, ko sai abin da ya ragu? Ke kuma uwa, in ɗanki ya ce za shi makarantar Littafi Mai Tsarki maimakon cin rani, za ki sa masa albarka?

Ka tara iyalinka yau da dare, ku karanta Markus 8:34-38. Sa'an nan kowa ya ambaci sunan mutum ɗaya wanda zai yi wa addu'a, ya kuma je ya gaya masa labarin Yesu kafin Lahadi mai zuwa. Ubangiji ya ba mu ƙarfin zuciya. Amin.