Anna Thynne, Mai Kiwon Murjani a Ɗaki

'Yan'uwana mata, kun san murjani halitta ce mai rai? An haifi Anna Thynne a 1806, mijinta babban malamin coci ne a Landan. A 1846 ta ɗebo wani irin murjani a gaɓar tekun Torquay, ta ɗinke shi jikin soso da zare da allura, kada ya farfashe a hanya. To, Landan ba teku, ruwan gishiri sai an kawo daga nesa, in ya lalace kuwa murjani ya mutu. Sai ta sa 'yar aikinta sheƙa ruwan kullum a bakin taga don ya sha iska. Wannan yarinya ma ta cancanci yabo. Murjanin ya rayu shekara 3. Anna ta rasu a 1866.