John Newton: mai fataucin bayi da ya zama limamin coci

An haifi John Newton a Landan a 1725. Yana ɗan shekara 11 ya fara bin mahaifinsa a jirgin ruwa, daga baya ya faɗa fataucin bayi a gaɓar Saliyo, inda shi kansa ya sha yunwa da wulaƙanci a gidan ubangidansa.

A watan Maris na 1748 guguwa ta kusa nutsar da jirginsu a hanyar komawa Ingila. Ya roƙi jinƙan Allah, ya kuwa tsira. Sai dai tuban bai hana shi komawa sana'ar ba. Tsakanin 1750 da 1754 sau uku yana jan jirgin bayi, yana karatun Littafi Mai Tsarki a sama, ƴan Afirka na ɗaure da sarƙa a ƙarƙashin ƙafafunsa. Rashin lafiya ce ta raba shi da teku, ba nadama ba.

A 1764 ya zama limami a garin Olney, inda ya rubuta waƙar Amazing Grace. Wa'azinsa shi ne alherin Allah kyauta ne, ba a samun sa da aiki, kamar misalin Yesu na ƴan ƙwadagon gonar inabi: wanda ya zo da yamma an biya shi daidai da wanda ya wuni cikin rana. Ga zuriyar waɗanda ya sayar kuwa, wannan lissafi na da wuyar haɗiya, don babu wanda ya mayar da kakanninsu gida.

Sai a 1788, bayan shekaru 34, ya fito fili ya tona muguntar cinikin, ya mara wa ɗan majalisa William Wilberforce baya. Ya rasu ranar 21 ga Disamba 1807, idanunsa sun tafi, watanni tara bayan Birtaniya ta haramta cinikin bayi.