Horace Petherick, mai zanen da ya zama masanin goge

A ƙasar Adar ba sai an gaya wa kowa abin da ake kira goge ba: ƙwarya ce da fata da izgar doki. Turawa ma suna da nasu, na katako mai tsirkiya 4, kuma dukiya mai yawa suke zubawa a kan tsohonsa, muddin an tabbatar da hannun da ya sassaƙa shi. Wannan tabbatarwa ita ce aikin da Horace Petherick ya ɗora wa kansa.

An haife shi a Ingila cikin shekarar 1839. Da zane ya fara neman abinci, yana yi wa littattafan yara hotuna. Idon nan da ya saba da auna layi da launi, shi ya mayar kan goge: lanƙwasar jikinsa, tsagar da amo ke fita, da irin man da aka shafe katakon. A 1885 yana cikin alƙalan kiɗa a babban baje kolin birnin Landan, kuma akan kira shi ba da shaida in gardamar goge ta kai gaban shari'a. A 1900 ya fitar da littafi kan Stradivari, gwanin garin Kiremona na Italiya wanda ya rasu a 1737. A 1903 wani kan gyaran goge.

Ƴar takardar suna da ake mannawa cikin goge ba ta da wuyar ƙagawa, shi ya sa mai saye ke dogara ga bakin masani. To, Petherick ya cika yarda da idonsa. A littafinsa na 1906 ya ce shahararren Guarneri wurin wani Gisalberti ya koyi sana'a, kuma ya laƙaba wa gogogi da dama sunan wannan gwani, abin da sauran masana suka ƙi amincewa da shi. Shaidarsa ta yi ta rage nauyi a kasuwa. Wanda ya saya da tsada bisa maganarsa, shi ya kwana ciki. A 1931 ƴan gidan Hill, bayan binciken tsofaffin takardun Kiremona, suka nuna a gidan ubansa Guarneri ya tashi cikin sana'ar.

Bai ga wannan littafi ba, don ya rasu tun 1919 a Croydon, kusa da Landan. Ɗiyarsa Rosa ta gaje shi a zane, ƴan uwanta mata suka kama kiɗa. Littafinsa na gyaran goge kuwa an sha sake buga shi.